Gyaɗa tana kumbura wa ɗana fuska, surukata ta ce zai saba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Ɗorayi, 'ya'yana biyu, babban shekararsa 4, ƙaramar watanta 5. Tun bara na lura duk sanda babban ya ci abin da aka sa wa gyaɗa sai jikinsa ya yi borin jini ya yi ta susa. Makon jiya a gidan suna aka ba shi gurasa bandashe, ba a yi minti 10 ba leɓensa da idanunsa suka kumbura, ya yi amai, yana tari, muryarsa ta dishe. Muka kai shi kemis aka ba shi Piriton, daga baya ya lafa. Surukata da muke gida ɗaya ta ce ba a taɓa yin Bakanon da gyaɗa ta gagara ba, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan zai saba, har tana ba shi ƙuli-ƙuli in ba na nan. Ɗan fari ne, ina jin nauyin yawan magana a kansa, maigidana kuma ya ce kada in haɗa shi da mahaifiyarsa. Ni ma in na sha shayi da madara ko fura da yogot sai cikina ya kumbura ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da gudawa. A wurina ya gado? Mu daina madara da gyaɗa duka a gidan? Ita jaririyar fa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, Allah Ya ƙara wa yaron lafiya, Ya raya miki su duka biyun.

Cikin tambayoyinki akwai wadda ba ta jiran gobe, da ita zan fara. Abin da ya sami yaronki a gidan sunan nan ya wuce borin jinin da kika saba gani. Kumburin leɓe da ido, ga amai, ga tari, ga dishewar murya, duka cikin minti 10 da cin abinci, wannan shi ne alaji mai tsanani da likitoci ke kira anafilaksis, kuma yana kisa. Ba don in firgita ki na faɗa ba, sai don ki san nauyin abin da ke hannunki. Dishewar muryar ta fi komai tayar mini da hankali, domin tana nuna kumburin bai tsaya a fata ba, ya gangara maƙogwaro inda numfashi ke wucewa, kuma maƙogwaron yaro ɗan shekara 4 ba shi da faɗin da zai jure kumburi. Allah ne Ya taƙaita. Kada ki ɗauka Piriton ɗin kemis ne ya kuɓutar da shi. Piriton da ire-irensa ƙaiƙayi da ƙuraje suke kwantarwa, su ma sai an jima suke fara aiki. Ba sa buɗe maƙogwaron da ya toshe, ba sa ɗaga jinin da ya faɗi.

Saboda haka daga yau gyaɗa ba za ta sake shiga bakin yaron nan ba, komai ƙanƙantarta, kuma cikin makon nan ki kai shi wurin likitan yara. Akwai sashen yara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a Asibitin Murtala, ga kuma Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Kafin ki tafi ki zauna ki rubuta duk karon da abin ya faru: me ya ci, bayan minti nawa ya fara, me kika gani a jikinsa, me aka ba shi. In kin ɗauki hoton fuskarsa a waya ranar, ki tafi da shi. A irin wannan lalura labarin da uwa ta bayar shi likita ya fi dogara da shi, gwajin fata ko na jini ƙarin tabbaci ne. Ki gaya masa idan yaron yana da asma ko yana yawan tarin dare, domin mai asma ya fi shiga haɗari idan alajin ya tashi, kuma kula da asmar yana cikin maganin. Gwaje-gwajen da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, waɗanda za a ɗebi jini a ba ki dogon jerin abincin da wai jikinsa ba ya so, kada ki kashe musu ko sisi. Za su raba yaro da ƙwai da wake da alkama ba gaira ba dalili, ki wayi gari yana ramewa.

Ga abin da ke faruwa a jikinsa. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ta ɗauki sinadarin gina jiki da ke cikin gyaɗa a matsayin abokin gaba, ta tanadi makamai musamman dominsa. Da zarar ta ji shi sai ta saki sinadarai irin su histamin a lokaci guda, jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin nama ya kumbura, hanyoyin iska na huhu su matse. Ba sai ya ci da yawa ba, ɗan ɓarɓashin ƙuli ya isa. Dafawa da suya ba sa kashe wannan sinadarin. Ba kuma lalacewar gyaɗar ba ce, ko da yake za ki ji masu cewa ai wataƙila ta yi fumfuna. Gyaɗa mai fumfuna tana da tata illar ga hanta a tsawon lokaci, amma ba ta kumbura leɓe cikin minti 10. Abin da nake so ya zauna miki shi ne babu mai iya faɗin yadda karo na gaba zai zo. Bara ƙaiƙayi ne, makon jiya maƙogwaro ne. Yaron da ya ci ƙuli sau biyar ya tashi da ƙuraje kawai yana iya shaƙewa a na shida.

Maganar Hajiya surukarki ba daga sama ta faɗo ba, kuma ban so ki ɗauke ta jahilci. Tun da aka buɗe layin dogo zuwa Kano a 1912 gyaɗa ta zama arzikin garin nan, da ita su Alhassan Ɗantata suka yi suna, dalar gyaɗa kuwa har yau da ita ake tuna mu. Matar da ta tashi a wannan gari, ta yaye 'ya'yanta da kunun gyaɗa suka yi ƙiba, dole ta yi mamakin a ce gyaɗa guba ce ga jikanta. Har ma a cikin maganarta ta "kaɗan-kaɗan" akwai ƙamshin gaskiya, domin likitoci suna da wata hanya mai kama da haka. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani na garin gyaɗa da ake ba yara don jikinsu ya rage tayar da hankali. Amma dubi yadda ake yinsa. Ana farawa da rabin miligiram na sinadarin, abin da ido da ƙyar zai gani, a cikin asibiti, likita na tsaye, allurar ceto na kusa. Ana ƙarawa duk bayan mako 2, sai an ɗauki kusan wata 6 kafin a kai miligiram 300, wato kwatankwacin ƙwayar gyaɗa guda ɗaya tal. Duk da wannan taka-tsantsan wasu yaran suna samun mummunan tashin alajin a tsakiyar shirin, kuma wanda ya gama ba a ce masa ya warke ba. To ƙuli-ƙuli guda, wanda tatacciyar gyaɗa ce da aka matse mata mai, ya ninka wancan awon na farko sau ɗaruruwa. Abin da ake yi wa yaronki a tsakar gida ba sabo ake koya masa ba, kasada ake yi da numfashinsa.

Yanzu mu shiga kicin, domin a nan aikin yake. A Kano guje wa gyaɗa ba ƙaramin aiki ba ne, don ba a soyayyar gyaɗa ta kwalba take ɓuya ba, wannan kowa yana ganinta. Tana cikin yaji. Yajin tsire da garin ƙuli ake haɗa shi, kilishi a cikin labun tunkuza ake tsoma shi kafin a shanya, balangu ma in an barbaɗa masa yajin mai nama ya shiga sahu. Bandashen da ya kwantar da yaronki ƙuli ne da man gyaɗa. Kwaɗon zogale da na rama, rogo da ƙuli, dambu da ake watsa wa dakakkiyar gyaɗa, fate, miyar taushe, miyar alayyahu da wasu ke kaɗa wa gyaɗa don ta yi kauri, dakuwa, gugguru da ake ƙullawa tare da gyaɗa, alewar gyaɗa ta bakin makaranta, duk ki sa musu ido. Garin kunun yara da mata ke haɗawa da gero da waken suya galibi da gyaɗa a ciki. Haka ma abincin nan mai laushi na cikin leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wanda wani lokaci yake yawo a hannun yaran unguwa, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce tushensa.

Sai mai. Man ƙuli da ake matsewa a gida ko a ƙananan injina yana ɗauke da sinadarin da ke tayar masa da ciwo, kuma da shi ake soya waina da ƙosai da awara a wurare da yawa, da shi ake cin ɗanwake da wake da shinkafa. Gaskiya ne man da babban kamfani ya tace sosai ba ya ɗauke da sinadarin sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma man da aka auno miki a kwalba ko a leda daga jarka babu mai iya rantse miki da asalinsa, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba. Ki koma manja, da man shanu, da man waken suya na kamfani da ke rufe da hatiminsa. Duk abin da aka ƙunshe a kamfani, biskit ne ko cakulan ko garin kunu, ki juya bayansa ki karanta kayan haɗin. Kalmomin da za ki nema su ne groundnut da peanut da arachis oil, kuma in an rubuta may contain a gaban ɗayansu ki ajiye. Ki karanta kowane karo, don kamfani yana canza haɗi ba tare da ya canza leda ba.

Akwai wata ƙofar da uwaye da yawa ba sa lura da ita: injin markaɗe na unguwa. Wadda ta riga ki a layi gyaɗar kunu ta markaɗa, ke kika zuba tumatirinki ko gasararki a bayanta, ɗaurayar da mai inji ya yi da kofi ɗaya na ruwa ba ta fitar da komai ba. Haka injin niƙa, haka turmin gida da aka daka ƙuli a ciki, haka ludayin da aka juya miyar taushe da shi aka tsoma a ta kuka. Idan da hali ki sayi ƙaramin injin markaɗe na gida, ko ki ware turmi da taɓarya da ba sa ganin gyaɗa. Tunda gida ɗaya kuke da Hajiya, ki ware wa yaron kwanonsa da cokalinsa da kofinsa. Wanda ya ci gyaɗa ya wanke hannu da baki da sabulu kafin ya ɗauke shi. Ruwan goge hannu na kwalba da aka saba da shi lokacin korona ba ya cire sinadarin gyaɗa, sabulu da ruwa ne ke cirewa.

Kada kuma tsoro ya sa ki ƙuntata masa fiye da kima. Gyaɗa dangin wake ce, amma mafi yawan masu alajinta suna cin wake da waken suya da gurjiya da daddawa lafiya lau. Duk abin da ya saba ci bai taɓa yi masa komai ba, ki ci gaba da ba shi. Aya ba ta da dangantaka da gyaɗa, kunun aya na gida ba laifi. Abin da bai taɓa ci ba irin su kashu, ki tambayi likita tukuna. Ƙwai, kifi, nama, wake da awarar da kika soya da kanki za su cike masa gurbin gina jiki. Ki daka masa yajinsa na kansa da barkono kaɗan, citta, kanumfari, masoro da gishiri, ki sa garin soyayyen waken suya a maimakon ƙuli, sai ki gasa masa tsirensa a gida ranar da babansa ya shigo da na waje. In yana cin riɗi lafiya, kwaɗon zogale da dakakken riɗi yana da daɗi, miyar taushe ma tana karɓar agushi. Da azumi in an dama kunun gyaɗa, a dama masa na tsamiya ko koko. Yaro in yana da nasa a hannu ba ya cika kai hannu kwanon wani, shi ya sa nake so duk gidan biki ko suna da za ku je ki tafi da ƙunshinsa a jaka, kuma ki ciyar da shi kafin ku fita.

Duk iya kiyayewarki wata rana kuskure zai iya faruwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin anafilaksis guda ɗaya ne, allurar adirenalin da ake yi a naman cinya ta gefen waje, kuma gwargwadon saurin yinta gwargwadon amfaninta. Akwai ta mai kama da biro wadda iyaye ke yawo da ita su yi da kansu. A nan ba a cika samunta ba, ga tsada, amma ki tambayi likita ko za a iya nemo muku ita, in kuma ba ta samu ba ya tsara muku a rubuce abin da za ku yi. Idan kun same ta kada a bar ta a mota ko a rana, zafin Kano na watan Afrilu yana lalata ta. Ki san asibiti mafi kusa da gidanku da ke aiki dare da rana, ki riƙe lambar wani mai adaidaita sahu ko maƙwabci mai mota. In kika ga numfashinsa ya canza, ko yana tari ba ƙaƙƙautawa, ko muryarsa ta dishe, ko harshe ya kumbura, ko ya yi laushi yana lumshe ido, ba kemis za a nufa ba, asibiti kai tsaye. Kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ke ba shi wuya a zaunar da shi a jingine, amma kada a miƙar da shi tsaye ko a ce ya taka da ƙafarsa. Addu'a da tofi a yi su a hanya. Da kun isa ki faɗa da babbar murya cewa yana da alajin gyaɗa, ya ci, numfashinsa ya canza, kuma ki ambaci adirenalin da bakinki. Allurar haidirokotizon da aka saba farawa da ita sai bayan awanni take aiki. Ko ya warware kada ku yi saurin tafiya gida, domin abin yakan dawo bayan wasu awanni.

Duk wannan tsari ba zai tsaya ba in Hajiya ba ta cikinsa, kuma na fahimci inda kike jin nauyi. Kara a kan ɗan fari tarbiyya ce mai kyau, uwa tana nuna wa dangin miji cewa ta ba su amanar ɗanta. Amma ba a yi ta don a rasa ɗan ba. Ki ci gaba da kawar da kai in ana yabonsa, ki ci gaba da ƙin kiran sunansa in haka gidanku yake, amma a kan abin da ke shiga bakinsa babu kara. Sai dai ba ke za ki tunkari Hajiya ba, aikin ɗanta ne. Ki nemi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ba shi wannan amsar ya karanta da kansa.

Malam, da kai nake yanzu. Ka ce kada a haɗa ka da mahaifiyarka, kuma Allah Ya saka maka da alheri a kan biyayya. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma yaron nan kiwo ne da za a tambaye ka a kansa. Hajiya ba ta san abin da ƙulin ke yi masa a maƙogwaro ba. Ɓoye mata gaskiya ba biyayya ba ce, domin in wani abu ya faru ta hannunta, ita za ta fi kowa ɗaukar ciwon har ƙarshen rayuwarta. Ka ɗauki yaron da kanka zuwa asibiti, ka roƙi Hajiya ta raka ku, ta ji daga bakin likita.

Ke kuma ƙanwata, kada ki taɓa ce mata tana cutar da shi. Ƙulin nan da take ba shi so ne, ɗan maigidanta ne take lallaɓawa kamar yadda kowace kaka ke yi. In kika hana ta ba shi komai kin raba ta da jikanta, ba za ta yarda ba. Ki ajiye mata a ɗakinta abin da za ta riƙa miƙa masa, dabinon da aka cire wa ƙwallo, ayaba, lemo, dafaffen ƙwai. Ki durƙusa ki ce mata, "Hajiya, ke kika fi kowa zama da shi, maganarki kuma ita ake ji a dangi, ke za ki tsare mana shi." Tsohuwar da aka ba wannan matsayi ita za ki ji tana tare mutane a gidan biki tana cewa kada a ba maigidanta yaji. In kuma an yi duk wannan ba ta daina ba, to kada ki sake barin yaron a gida in za ki fita, ko da za a ce kin yi rashin kunya. Malaman makarantar boko da na Islamiyya su ma a same su baki da baki, a ba su lambar waya, a hana shi sayen kayan talla a bakin ƙofa. Shi kansa shekara 4 ta isa ya koyi cewa "gyaɗa tana sa ni ciwo, sai na tambayi Mama."

Naki ciwon daban ne, kuma ba ke kika sa masa nasa ba. Abin da kika kwatanta ya fi kama da rashin narkar da sukarin madara, wanda ake kira laktos. A ƙaramin hanji akwai sinadarin da ke narkar da shi, kuma a jikin kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen duniya wannan sinadarin yana raguwa bayan yaye. Fulani makiyaya suna cikin waɗanda galibinsu ke riƙe shi har tsufa, sauranmu da yawa ba haka ba. Sukarin da bai narke ba sai ya wuce babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune a can su cinye shi su saki iska, shi kuma ya jawo ruwa, daga nan kumburi da ƙugi da gudawa, yawanci tsakanin minti 30 zuwa awa 2 da sha. Babu ruwan garkuwar jiki a ciki, ba ya toshe numfashi, ba ya lalata hanji. A wurinki yawan abin da kika sha shi ne magana, "kaɗan-kaɗan" ɗin Hajiya a kanki ya dace.

Ki gwada da kanki. Ki bar madara da yogot da nono gaba ɗaya na mako 2, in cikin ya kwanta sai ki dawo da su sannu a hankali ki ga inda iyakarki take. Yawancin masu wannan matsala suna jure har giram 12 na laktos a zama ɗaya, kwatankwacin kofi guda na madara, musamman in tare da abinci aka sha ba da wofin ciki ba. Shayin mai shayi da ake zuba wa madara har ya yi kauri ya wuce wannan awon. Kindirmo da nonon da ya yi tsami sosai sun fi sauƙi, domin ƙwayoyin da suka tsamar da su sun riga sun cinye wani kaso na sukarin. Yogot ɗin da aka haɗa da madarar gari bai kuma yi tsami ba, sukarinsa yana nan kusan yadda yake, wataƙila shi ya sa furar ke damunki. Man shanu kusan babu laktos a cikinsa, awara kuwa ta waken suya ce, babu ko kaɗan. Ki tabbata nonon da kike saya an tafasa madararsa kafin a kwantar, kuma ki lura da ruwa da ƙanƙarar da ake dama fura da su, don wata gudawar ta ƙazanta ce ba ta madara ba. Tunda kina shayarwa jikinki yana bukatar sinadarin ƙashi, ki yawaita miyar kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. In kin bar madara mako 2 cikin bai canza ba, ko kina ganin jini a bayan gida, ko kina ramewa, ko gudawar tana tashin ki da dare, ki ga likita, kada ki zauna kina shan maganin olsa da na taifod a kan zato. Yaron kuwa in yana shan madara lafiya, kada ki hana shi saboda ke.

Jaririyar ki ci gaba da ba ta nono zalla har ta cika wata 6. Matsalarki da madara ba ta shafi nononki ba. Abin da ba na so shi ne tsoro ya sa ki yanke hukuncin hana ta gyaɗa har ta girma, domin ilimin yanzu akasin haka ya nuna. Wani babban bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2015 ya bi jarirai 640 masu haɗarin kamuwa da alajin, aka fara ba rabinsu abinci mai gyaɗa tun suna tsakanin wata 4 zuwa 11, aka hana sauran. Da suka kai shekara 5, waɗanda aka ba sun fi tsira daga alajin da kusan kashi 80 cikin 100. Wannan rigakafi ne ga jaririn da bai kamu ba, ba magani ba ne ga wanda ya riga ya kamu kamar wanta. Shi nasa, kusan yaro 1 cikin 5 ne yake rabuwa da alajin gyaɗa in ya girma, kuma a asibiti kaɗai ake gwada ko ya rabu. Su ma jariran binciken sai da aka yi musu gwajin fata kafin a fara ba su. Don haka kada ki fara ba ta da kanki, musamman in tana da busasshiyar fata mai ƙaiƙayi a kumatu ko a lanƙwasar hannu. In likita ya ba da izini, a dame take a cikin kunu, ba ƙwaya ba, don ƙwayar gyaɗa tana sarƙe ƙananan yara, kuma da rana, da kofinta da cokalinta daban, lokacin da wanta ba ya kusa. Ranar da za ku kai shi asibiti ki goya ta ku tafi tare, a duba fatarta, a yanke wannan maganar kafin ta cika wata 6.